Yadda Ake Atisayen Keke a Cikin Ɗaki Lokacin Hunturu

A Manchester, inda nake zaune, da zarar an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, mai keke ya shiga lissafi. A tsakiyar Disamba rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba. Ka taso daga aiki ka tarar da duhu, yayyafi ba ya yankewa, ga gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara yana cin sarƙa da giya kamar gara. 'Yan uwanmu da yawa da suka fara hawan keke a lokacin zafi sukan jingine shi a bayan ƙofa tun Nuwamba, sai Afrilu su ɗauko, lokacin ƙafa ta mutu, numfashi ya koma na wanda bai taɓa hawa ba. Maganin abin shi ne a shigo da keken cikin gida a kafe shi a ci gaba da tuƙi. Amma na ga mutane da idona sun sayi kayan, sun yi mako biyu, sun sa a kasuwa. Abin da ya kore su ɗaya ne, kuma ni ma saura ƙiris ya kore ni. Zan zo kansa, bari dai mu fara da na'urar.

Na'urar da ake kafe keke a kanta, a nan turbo ake ce mata, kuma iri biyu ce za ka fi haɗuwa da su. Akwai wadda ake barin tayar baya a jikin keken, a ɗaure gindinta, tayar tana gogar wani ɗan mulmulallen ƙarfe. Ita ce mai araha, amma tana da ƙara, kuma tana cinye taya. Akwai wadda ake cire tayar bayan gaba ɗaya a ɗora sarƙar a kan haƙoran giyar na'urar, irin waɗanda Wahoo da Tacx da Elite ke yi. Wannan ta fi tsada, ta fi shiru, kuma tana auna ƙarfin da kake zubawa a feda daidai. Dokata ita ce: a shekarar farko kada ka sayi sabuwa. Jira Afrilu ko Mayu, lokacin da waɗanda suka gaji ke neman kai da tasu, ka samu ta hannu a farashi mai sauƙi. Idan kuwa sanyi ya riga ya shigo, nemi ta hannun duk da haka, mai gogar taya ta ishe ka ka gwada kanka. Sai dai idan a bene kake kuma akwai mutane a ƙarƙashinka, to ka daure ka tara kuɗin mai shirun, don haƙƙin maƙwabci ya fi fam ɗin da za ka rage.

Kafin ka biya, duba abu biyu a kekenka: irin sandar da ke riƙe tayar baya, 'yar siririya mai maƙalli ce ko mai kauri da ake murɗawa, da kuma yawan faya-fayan giyar bayan, tara ne ko goma ko sha ɗaya. Idan ba su dace da na'urar ba, ko dai keken ya ƙi hawa kanta, ko giya ta yi ta tsalle. Kuma kada ka sayi keken motsa jikin nan mai faffaɗan sirdi kamar kujera. Kekenka na titi za ka koma hawa, shi ya kamata jikinka ya ci gaba da sabawa da shi.

Wurin kafewa kuwa, mafi sanyin wuri a gidan za ka nema: gareji, ko ɗakin da babu kowa, ko kusa da tagar da ke buɗewa. Shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa. Idan na'urar ta ɗaga bayan keken, sa ɗan katako a ƙarƙashin tayar gaba har keken ya daidaita, in ba haka ba duk nauyinka zai zubo kan tafin hannu, cikin minti ashirin yatsu su yi sanyi. Wanda na'urarsa mai gogar taya ce ya riƙa ba tayar iska daidai gwargwado ɗaya kullum, don idan iskar ta canza, nauyin tuƙin ma ya canza.

To, ga inda ake faɗuwa.

Hunturuna na farko na kafe keke a ɗan ƙaramin ɗakin da muke ajiye kaya. A waje ruwa ya daskare a gilashin mota, don haka na rufe taga ruf, na bar na'urar ɗumama gida a kunne, har da riga mai dogon hannu na sa. Tunanina shi ne mutum ba ya kunna fanka a watan Disamba. Minti goma na farko lafiya lau. Kafin minti ashirin gumi yana ɗiga daga haɓata da gwiwar hannuna, tabarmar ta jiƙe, gilashin tagar ya yi hazo ruwa na gangarowa. Agogon hannuna yana nuna bugun zuciya yana ta hawa, alhali ban ƙara ko giya ɗaya ba. A minti na ashirin da biyar na sauka, kaina yana sarawa, na zauna a ƙasa ina tunanin ashe duk ƙarfin da na tara a titi ya tafi. Mutumin da ke yin awa uku a tsaunukan Peak District ya kasa rabin awa a ɗakinsa. Haka na yi ta fama kusan mako uku, kullum ina ɗora wa kaina laifin ragwanci.

Ƙarfi bai je ko'ina ba, zafi ne. Jikin ɗan Adam, a cikin kuzarin da yake ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ne kawai ke isa feda. Sauran duk zafi yake zama. Wato idan kana zuba wat 200 a feda (wat shi ne ma'aunin ƙarfi), jikinka yana fitar da zafin wat 600 zuwa 800, kwatankwacin ƙaramar hita a kunne a cikin ƙirjinka. A titi ba ka jin wannan, domin kana tafiyar kilomita 25 ko 30 a awa, iska tana busar da gumin tun kafin ya taru, bushewar nan kuwa ita ke sanyaya jiki. A ɗaki iskar a tsaye take. Gumin da ya ɗiga ƙasa asara ce, bai sanyaya komai ba. Sai jiki ya karkatar da jini zuwa fata don ya huce, tsokar ƙafa ta samu ƙarancinsa, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Shi ya sa bugun ke hawa kai kuma kana ji kamar an ɗaura maka dutse.

Saboda haka, kafin ka sayi komai na ƙawa, sayi fanka. Ba 'yar ƙaramar ta kan tebur ba, kuma ba doguwar siririyar nan mai hura iska a hankali ba. Ta ƙasa mai faɗi, mai kejin ƙarfe, wadda idan ka kunna takardu ke tashi. A wurina fanka mai ƙarfi da turbo mai araha sun fi turbo mafi tsada a duniya babu fanka, nesa ba kusa ba. Ajiye ta a gabanka, ɗan gefe kaɗan, kamar taku biyu daga tayar gaba, ka ɗaga fuskarta ta nufi ƙirji da wuya. Kada ta doki ido kai tsaye, tana busar da shi. Idan da hali, ƙara ta biyu ta gefe tana kaɗa bayanka, domin a nan gumi ya fi kwanciya. Kashe hitar ɗakin, buɗe taga ko da tafin hannu ne. Idan ka shiga ɗakin ba ka ji sanyi ya ɗan cije ka ba, to ɗakin ya yi ɗumi da yawa.

Yadda nake yi yanzu: in hau da 'yar riga mai zif a sama, fanka a kashe, in yi minti biyar zuwa goma ina juya ƙafa a hankali. Da na ji goshina ya fara damshi, in cire rigar in kunna fankar. Kada ka jira sai gumi ya zubo, lokacin ka makara. Na sayi ɗan soket mai rimot don kada in riƙa sauka, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya fi wasu manyan kayan amfani a wurina. Da ka gama, kashe fanka nan take ka cire jiƙaƙƙun kaya, kada ka tsaya a iska da su.

Ko da fanka, za ka yi gumi fiye da na titi, kuma gumin nan gishiri ne. Da sanyi ya wuce a waccan shekarar na kwance kyallen da ke naɗe a kan keken, wato ƙarfen da ake riƙewa da hannu, don in canza, sai na tarar da wani farin gari kamar kanwa a ƙarƙashinsa, ƙarfen alminiyon ya yi ramuka. Da na fita da shi haka, a kan gangara zai iya karyewa a hannuna. Tun daga ranar ba na hawa sai na yafa tawul a kan keken ya rufe har wuyansa da kusoshin wurin, wani tawul ɗin kuma a kafaɗata. Ruwa kuwa, gora biyu a kusa da hannu. Idan kana son sanin abin da kake zubarwa, hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama: duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Idan zaman ya wuce awa ɗaya, jefa ɗan gishiri da sukari a ɗaya gorar.

Sai maganar nauyin atisayen. Mako na farko kada ka gwada komai, ka saba da zaman kawai, minti 30 zuwa 40. A mako na biyu, idan na'urarka tana auna wat, yi gwajin nan: ɗumama jiki minti goma sha biyar, sannan ka yi minti 20 da iyakar ƙarfin da za ka iya riƙewa daga farko har ƙarshe ba tare da ka faɗi ba. Ɗauki matsakaicin wat ɗin, ka cire kashi 5 cikin ɗari. Abin da ya rage shi ake kira FTP, wato ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan awa ɗaya, kuma a kansa ake auna sauran. Mai hawan jini, ko wanda ya taɓa jin ciwo a ƙirji, ya ga likita tukuna. Wanda na'urarsa ba ta auna komai ya yi amfani da bakinsa: idan kana iya yin hira cikakkiya, tuƙi mai sauƙi ne, idan sai kalma uku-huɗu kake iya fitarwa, kana kan iyaka.

Kuskure na biyu shi ne mayar da kowace rana ranar tsere. Manhajoji irin su Zwift, wadda ta fito a 2014, suna nuna ka a allo kana tuƙi tare da mutane daga ko'ina, kuma da wani ya wuce ka zuciya sai ta ce bi shi. Zwift ana biyanta wata-wata. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, da ita nake cewa a fara. Abin yana aiki idan an bi shi da tsari. A 2016 Mathew Hayman, ɗan tseren keke na Ostireliya, ya karye a hannu a wani tsere a Beljiyam a ƙarshen Fabrairu, ya koma garejinsa yana tuƙi a Zwift da hannun a ɗore kan tsani, a Afrilu ya je ya lashe Paris-Roubaix, tseren sama da kilomita 250. Amma shi sana'arsa ce. Kai da ke da aiki da iyali, zama huɗu a mako ya isa, kuma biyu kawai su zama masu zafi.

Nawa tsarin ke nan. Talata: minti goma sau uku a kusan kashi 90 cikin ɗari na FTP, da hutun minti biyar a tsakani. Alhamis: minti uku sau biyar sama da FTP, wajen kashi 110, hutun minti uku-uku. Asabar: awa ɗaya da rabi mai sauƙi, kashi 60 zuwa 70, ina sauraren karatu ko labarai. Lahadi minti 40 a hankali, ko in huta idan ƙafa ta yi nauyi. Juyin ƙafa ya tsaya tsakanin 85 da 95 a minti, kada ka riƙa niƙa giya mai nauyi, gwiwa ce ke biya. Duk minti goma miƙe tsaye a kan feda na ɗan lokaci, domin keken da aka kafe ba ya karkata, sirdi yana danna wuri ɗaya. Wando mai soso dole ne. Kowane mako na huɗu rage komai da rabi.

Lokacin hawa ma sai an duba. A Disamba Azahar da La'asar da Magariba duk suna matse ne cikin 'yan awanni, don haka ni bayan Isha'i nake hawa, tunda tana shiga da wuri, ko bayan Asuba a ƙarshen mako. Yanzu da azumi ke faɗowa cikin sanyi, zama mai zafi sai bayan an sha ruwa da kamar awa biyu ko bayan Tarawihi. Da rana, in ma za a hau, rabin awa mai sauƙi dab da Magariba.

Bayan kowane zama goge keken da tsumma mai ɗan ruwa, sa wa sarƙa mai duk mako biyu, sake gwajin minti 20 ɗin bayan mako shida. Ranar da gari ya waye garau, titi ya bushe kuma babu ƙanƙara, sauke keken ka fita ko na awa ɗaya ne, don hannu kada ya manta kwana da birki. Wanda na'urarsa mai gogar taya ce ya duba tayar bayan da kyau kafin ya fita, takan lafe ta tsakiya, wani lokacin har zare ya fara leƙowa.