Yadda za ka ƙirga lamba miliyan 100 a Python da tsohuwar kwamfuta

Kwamfutar da nake koya wa yara Python da ita a ƙauyenmu na wajen Ringim ta tsufa, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe abin da take aiki a kai, giga 4 ne. Ranar nan wani ɗalibina ya rubuta list(range(100000000)) don ya haɗa jimlar lambobin, wato ya sa ta jera lamba miliyan 100 a RAM a lokaci guda. Nan take ta sandare. Ya ce, "Malam, ta mutu ne?" Na ce a'a, ɗura ka yi mata.

A Python na 64-bit, kowace lamba irin waɗannan tana cin bayit 28, gurbinta a cikin list kuma bayit 8. Ka ninka 36 sau miliyan 100, bayit biliyan 3.6, wato giga 3.6 ke nan. Ina za ta zuba su?

Maganin farko, cire kalmar list, ka bar range(100000000) kawai. Shi range ba ya tara lambobi. Mafari yake riƙewa, da iyaka, da tazarar da ke tsakani, kamar mai littafin rasit da ya san daga lamba kaza zuwa kaza ne ba sai ya buɗe kowane shafi ba. Auna shi da sys.getsizeof, mai nuna girman abu a RAM, bayit 48 za ka gani. Kuma sum mai haɗa jimla da len mai ƙirga yawa duk suna aiki a kansa. Idan tsohon darasi ka samu yana cewa xrange, na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 2020.

To idan murabba'in lambobin kake so fa? Rubuta (x*x for x in range(100000000)) da baka mai lanƙwasa, ba mai kusurwa ba. Sunansa generator. Guga ne: ka jawo ɗaya daga rijiya, ka yi amfani da shi, ka sake zurawa. Ba mai kwashe rijiya ya juye a randa.

Amma sau ɗaya ake bi ta kansa. Ni kaina na taɓa kiran sum a kansa sau biyu, na biyun ya ba ni 0, na yini ina zargin kwamfuta. In kana buƙatarsa kuma, sai ka ƙirƙiri sabo.

Lambobin da ba su da tsari kuwa, irin farashin buhun gero na kowace kasuwa, dole a ajiye su. Zuba su a array (jerin lambobi zalla da bai kai list cin wuri ba) mai alamar 'q', inda kowace ke cin bayit 8, ko ka bar su a fayil ka riƙa karantawa layi-layi.