Yadda Ake Kare Gadaje da Tagogin Tirela Mai Naɗewa daga Sanyi da Zafi

A tirelar kwana mai naɗewa, wadda ake ɗaga rufinta a jawo gadaje ta gaba da ta baya, kowane gado a sarari yake rataye. Ƙarƙashinsa siririn katako ne, samansa tamfol. Shi ya sa sanyi ta ƙasa yake bugun mai barci, zafin rana kuwa ta sama yake sauka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin ka sayi komai, auna sararin da ke tsakanin katifa da rufi idan an rufe tirelar. Ɗora dunƙulen takarda a kan katifa, ka sauke rufin, ka sake ɗagawa. Kaurin takardar bayan ta matse shi ne iyakar abin da za ka iya ƙarawa. Wanda ya tsallake wannan zai ga maɗauran rufi sun ƙi kamawa, in ya danna da ƙarfi kuma su lanƙwashe, ko robar bakin rufin ta daina tare ruwan sama.

Daga nan ka cire katifa, ka share katakon, ka tabbata ya bushe. Shimfiɗa tabarmar soso mai haƙora, irin ta ɗakin motsa jiki, mai faɗin santimita 60 da kaurin kamar santimita 1. Yanke gefenta da wuƙa mai kaifi ta bi girman katakon, amma ka ja baya kaɗan daga inda gadon ke zamewa, don kada ta cije lokacin turawa.

Mutane da yawa leda mai ƙyallin alminiyam, irin su Reflectix, suke sawa a nan. Asarar kuɗi ce. Ƙyallin yana mayar da zafi ne idan akwai sararin iska a gabansa, aƙalla santimita 2. Da zarar katifa ta danne shi, abin da ya rage 'yar siririyar leda ce kawai.

Sai maganar danshi, wadda ta fi sanyin ɓarna. Ɗumin jiki da tururin gumi suna ratsa katifa, su tarar da wuri mai sanyi, sai tururin ya zama raɓa. Bayan 'yan kwanaki ka ɗaga katifar ka ga baƙin ɗigon funfuna. Idan sarari ya isa, sa raga mai kauri ta ƙarƙashin katifa a kan soson, domin iska ta riƙa wucewa. Idan bai isa ba, kowace safiya ka jingine katifar ta sha iska.

Ledar ƙyallin nan a taga take da amfani. Zuge zif ɗin tagar, ka ɗora kwali a kan ragar sauro, ka zana siffarta, ka yanke. Da wannan kwalin za ka fitar da ledar, ka rage santimita 1 ta kowane gefe don kada zif ya ci bakinta. Ka zagaye kusurwoyin da almakashi, ka bi gefen da tef, saboda kaifinsu yana huda raga. Sannan ka zura ta tsakanin ragar da murfin tagar, ka ja zif. Kada ka sa ta daga cikin ɗaki a bayan robar tagar da ake hangen waje ta cikinta, domin rana za ta gasa robar gaba da baya har ta yi rawaya ko ta tsage. Rubuta wa kowace leda sunan tagarta, don ba duka ne girmansu ɗaya ba.

Rufin gado kuma ta waje ake rufe shi, da tamfol mai ƙyalli gefe ɗaya. Lokacin zafi ƙyallin ya kalli sama, lokacin sanyi a juya shi ƙasa. Kama gefensa da matsi kusan kowane santimita 30, ka zagaya igiyar roba ta ƙarƙashin gadon, in ba haka ba iska za ta kwana tana kaɗa shi. Cire shi kafin ka sauke rufi.

Da dare ka kunna fitila a ciki, ka fita ka zagaya. Duk inda haske ya leƙo, musamman inda tamfol ya haɗu da katakon gado da gefen ƙofa, ka cusa soson da ake naɗe bututu da shi.

Amma kada ka toshe duka kafofin iska. Kilo 1 na gas irin na girki idan ya ƙone yana fitar da tururin ruwa kusan kilo 1.6, kuma hitar gas ta ɗumama ɗaki da ba ta da bututun fitar da hayaƙi a cikin ɗakin take zuba shi duka. Ka bar mashigar iska ta rufi a buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ka gwada na'urar gano kabon monoksayid, iska mai guba da ba ta da wari, kuma kada a yi barci irin wannan hitar tana kunne.