Yadda za ku raba hurumin shugaba da na taro a ƙungiyarku

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman rani a Daɗin Kowa, ƙasan dam ɗin kogin Gongola. Shawarata ga masu kafa ƙungiya ita ce tun ranar farko ku rubuta abin da shugaba zai yanke shi kaɗai, da abin da sai an taru.

Abin da ba ya jira, ku sakar wa shugaba. Injin ban ruwa ya tsaya shinkafa tana fitar da kai, ba za a ce sai taron Juma'a ba, domin ƙishi a wannan gaɓa yana rage buhuna. Ku dai yanka masa iyakar kuɗin da zai taɓa, kuma ya kawo rasit a zama na gaba.

Cin bashi, rabon taki, tsara layin ruwa, korar mamba, duk na taro ne. Wanda ba a ji ta bakinsa ba wajen ɗaukar bashi, da wuya ya ji nauyin biya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zaman. Da zarar dattijo ya fara magana, an gama, don babu saurayin da zai dube shi ya ce, "Baba, ban yarda ba." Saboda haka a fara da yara, shugaba ya zo a ƙarshe. Kada ku ɗauki shiru a kan amincewa, sau da yawa kunya ce. A kira mutum kai tsaye: "Malam, kai fa me ka gani?" Mata kuwa, in suna jin nauyin magana cikin maza, su yi nasu zaman su aiko wakiliya, kuma a saurare ta da gaske.

Sannan shawara tana da ƙarshe. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta umurci Annabi (SAW) ya shawarci sahabbansa, ta kuma ce idan ya ƙudurta ya dogara ga Allah. In an zauna sau biyu baki bai zo ɗaya ba, a ɗaga hannu, a bi rinjaye. Sakatare ya rubuta matsayar, ya karanta ta kowa na ji kafin addu'ar tashi. Asusun banki kuma a sa shi da sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji.