Shuka kariya daga iri: inda aka fi yin kuskure

Kariya, wadda masu sayar da furanni a Yamai ke kira rose du désert, tsiron ƙasarmu ce. Rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Abin da ke hallaka ta a gidaje shi ne hannun mai shayarwa.

Amma tun a wajen iri ake fara ɓata aiki. Kwanson kariya biyu-biyu yake fitowa kamar ƙahon sa, kuma ranar da ya nuna sai ya tsage, iska ta kwashe ƴaƴan, domin kowane yana da gashi a kai da gindi. A ɗaure kwanson da zare tun yana ɗanye, a bar shi ya tsage da kansa. Wanda aka tsinka bai nuna ba, irinsa fanko ne. Kada kuma a ajiye iri har shekara ta zagayo: ƙarfinsa yana raguwa cikin watanni kaɗan, balle a ɗaki mai zafi. A cire gashin, a jiƙa awa 2 zuwa 4, a shuka.

Kuskure na biyu binnewa da zurfi. A kwantar da irin a kwance, tazarar santimita 3, a rufe da ƙasa rabin santimita kawai. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko kwana 10.

Sai ƙasa, kuma a nan aka fi asara. Lakar fadama tana riƙe ruwa, saiwa ta kasa numfashi, gindin ya yi laushi ya baƙe. A haɗa kashi 2 na rairayin kori mai gwaɓi, kashi 1 na takin da ya ruɓe sarai, kashi 1 na dakakken gawayi. Ɗanyen kashin awaki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, amma ko wace ce, in ba huji a gindi to kabari ce.

Lokaci ma yana da nasa. Sanyin daren Disamba da Janairu a Tawa yana hana iri motsi har ya ruɓe, zafin Afrilu da Mayu kuma yana dafa ƙananan tsiro. An fi dacewa a farkon damina ko a Oktoba, a ƙarƙashin rumfa inda hantsi ke shiga. Ruwan Agusta kada ya sauka a kansu kai tsaye.

Ƙaramin tsiro yana son danshi, a yayyafa masa da safe idan saman ƙasa ya bushe. Da ya yi ganye 4 zuwa 6, a raba kowane da tukunyarsa, a fara rage ruwa. Idan kariya ta zubar da ganye a hunturu, hutu take yi; wanda ya ƙara mata ruwa a lokacin shi ya kashe ta. A matsa gindin: in yana da tauri, lafiya lau.

Mai son kumburarren gindin da aka san kariya da shi, iri ne hanyarsa, reshen da aka dasa ba ya yinsa sosai. Sai dai launin furen ba lalle ya bi na uwa ba. Ruwan jikin kariya dafi ne, da shi ake shafa kibiya, don haka a wanke hannu bayan yanka, a nisanta ta da yara da dabbobi.