Yadda ake ɗaukar hoton ruwa da fitilun dare da doguwar shota

Hotunan nan da kake gani na magangarar ruwa, ruwan ya yi fari fat ya yi laushi kamar an shimfiɗa auduga a kan duwatsu, ba editin ba ne, shota kawai aka bari a buɗe ta ɗan jima, wato ɗan labulen nan da ke buɗewa haske ya shiga cikin kyamara. Duk abin da ke motsi sai ya shafe, abin da ke tsaye kuma ya fito rangaɗau. Amma fa idan ka bar shota a buɗe haske zai yi ta kwarara ciki har hoton ya ƙone, kuma hannunka ba zai iya riƙe kyamara ko sakan ɗaya ba tare da rawa ba. Duk aikin a kan waɗannan biyun yake.

Toh fara da tirayifod, wato sandar nan mai ƙafa uku. Ba sai mai tsada ba, amma kar ka sayi wadda iska kaɗan za ta kaɗa. In babu, ɗora kyamarar a kan jaka bisa dutse, yana yi. Sa taima ta sakan 2 saboda danna maɓallin da yatsa ma girgiza ce, ka kashe abin hana rawa na lens ɗin, wato gilashin gaban kyamara, tunda kyamarar a kafe take.

Saitin kuwa, juya zuwa M inda kai ne ke saita komai da hannu, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka sa 100, ƙofar haske ta lens ka matse ta zuwa f/11 ko f/16, shota tsakanin rabin sakan zuwa sakan 2. Da rana tsaka ko ka yi duk wannan hoton fari zai fito, shi ya sa ake ɗaura filtar ND, gilashi ne mai duhu a gaban lens. Lissafinta ba wuya: in ba tare da filta ba kyamara ta ba ka shota 1/125 na sakan, da ND64 za ka samu kusan rabin sakan, da ND1000 kuma sakan 8. Ni dai a ganina mai farawa ND64 ya kamata ya saya, ND1000 tana da duhun da sai ka yi fokas kafin ka ɗaura ta don kyamarar ba ta ganin komai ta ciki. Akwai kuma filtar CPL mai kashe ƙyallin jiƙaƙƙen dutse da ganye, ita ma tana rage haske kaɗan, a ƙorama mai inuwar bishiyoyi ita kaɗai ma ta isa.

Inda mutane suka fi ɓata hoto shi ne zaton cewa in shota ta fi daɗewa hoton zai fi kyau. A'a. Ɗauki Gurara da ke jihar Neja, cikin Agusta ko Satumba ruwan ya cika yana ruri, ga shi ja saboda laka, in ka ba shi sakan 10 ba abin da za ka samu sai farin fili wanda ba zane ba siffa. Ruwa mai ƙarfi irin wannan 1/4 na sakan ya ishe shi, wani lokacin ma 1/8, don a ga zaren ruwan yana sauka. Amma cikin Janairu zuwa Maris da ruwan ya ja baya ya rarrabu tsakanin duwatsu, nan ne sakan 1 ko 2 ke yin kyau. Haka abin yake a Matsirga kusa da Kafanchan da Assop a hanyar Jos da Farin Ruwa a Nasarawa, ƙarfin ruwan ranar ne zai gaya maka shotar da za ka sa, ba lambar da ka haddace ba. Ɗauki guda uku huɗu da shota daban-daban ka zuƙo su a allo ka gani. Ka fi samun haske mai kyau da sassafe ko ranar da hadari ya rufe rana, sannan ka riƙe ƙyalle mai laushi don feshin ruwa na sauka a gilashi ba ka sani ba sai ka dawo gida ka ga ɗigo-ɗigo. Dutsen bakin ruwa kuma santsi gare shi, da damina kar ka matsa kusa wai don kusurwa mai kyau.

Da dare ba ka buƙatar filta. Don layin fitilun motoci nemi wuri mai tudu ko gadar masu tafiya a ƙafa, ISO 100, f/8 zuwa f/11, shota sakan 10 zuwa 20, fitilun gaba su zana fari na baya su zana ja. Lokacin da ya fi shi ne jim kaɗan bayan magariba sama na da sauran shuɗi, kuma a ƙasarmu wannan lokacin gajere ne, in ka tsaya hira ya wuce. Gada tana rawa in mutane na wucewa, jira su ragu. Kuma don Allah kar ka kafa tirayifod kusa da shingen jami'an tsaro ko barikin soja, ka tafi da abokin tafiya, kayan nan suna jan ido.

Taurari kuwa saitinsu daban ne, buɗe ƙofar haske iyakarta, f/2.8 ko f/3.5, ISO 1600 zuwa 3200, fokas da hannu a kan tauraro mafi haske. Raba 500 da tsawon lens ɗinka, wato lambar mm da ke jikinsa, ka samu sakan nawa za ka yi kafin taurari su fara jan layi, 24mm kusan sakan 20 kenan, in sensar kyamararka, wato abin da ke karɓar hoto a ciki, ƙarama ce ka rage zuwa 13. Lokacin hunturu ƙura ta rufe sama ba ka ganin komai, daren da aka yi ruwa sama ta washe kuma ba farin wata shi ne naka, a bayan gari nesa da fitilu.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Wayoyin Android da yawa suna da Pro a cikin kyamara inda za ka saita ISO da shota da kanka, a iPhone kuma ɗauki Live Photo na ruwan sai ka zaɓi Long Exposure. In wayarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da ba a matse ba, kunna shi, wajen gyara za ka iya dawo da farin ruwan da ya ɗan ƙone.