Yadda Ake Shiga Rol a Zauna a Cikinsa Har a Gama Ɗauka

Da zarar an miƙa wa ɗan wasa rubutun fim, sai ka ga yana ɗokin nemo shafukan da sunansa ya fito, ya ja layi ƙarƙashin maganganunsa, ya kama hadda. Hadda tana da lokacinta, amma can gaba yake. Wanda ya fara da ita yakan iso gaban kyamara da magana cike da baki, in ka dubi idonsa kuwa sai ka ga jira kawai yake abokin wasansa ya yi shiru don shi ma ya zazzage tasa. Ga tsarin da na ga ya fi kai mutum gaci wajen shiga rol, wato mutumin da zai fito a matsayinsa, ko a fim ko a kan dandamali.

Na farko: karanta labarin duka

Karatun farko ka yi shi a zama ɗaya, kamar ɗan kallo, ba tare da ka rubuta komai ba. A na biyu ka raba takarda gida uku: abin da marubuci ya faɗa game da mutumin da za ka fito a matsayinsa, abin da mutumin ya faɗa game da kansa, da abin da sauran mutanen labarin suke faɗa a kansa, musamman a bayan idonsa. Ka fi mayar da hankali inda gidajen suka saɓa wa juna. In shi ya ce mai haƙuri ne, matarsa kuma ta ce kowa a gidan nan shan jinin jikinsa yake in ya ji sallamarsa, to ka sami abin da za ka yi aiki da shi.

A kan wannan Konstantin Stanislavski ya ɗora koyarwarsa, wato ɗan Rashan nan da ya kafa gidan wasan Moscow Art Theatre tare da Vladimir Nemirovich-Danchenko a 1898. Ɗan wasa ya fara tattara duk halin da marubuci ya jefa mutumin a ciki, shekarunsa da sana'arsa da zamaninsa da wanda yake tsoro da wanda yake rainawa, sannan ya tambayi kansa: da a ce ni ne a cikin wannan hali, me zan yi? Makarantun koyon wasa da yawa na Turai da Amurka daga wannan tambaya suka yi rassa.

Na biyu: gano abin da yake nema a kowane sin

Sin shi ne yanki ɗaya na labarin, mai faruwa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Kada ka rubuta "a nan yana fushi" ko "a nan tana baƙin ciki". In ka ce za ka yi wasan fushi, abin da zai fito bai wuce ɗaure fuska da zare ido da ɗaga murya ba, irin wanda 'yan kallo suka gani har suka gaji. Abin da jiki ke iya aikatawa shi ne nema: ina so ta ba ni haƙuri, ina so ya ji kunya, ina so in hana shi fita daga ɗakin nan.

Ɗauki wannan sin. Ɗa ya je asibiti duba mahaifinsa bayan shekara biyar ba sa ga maciji. Abin da aka rubuta ke nan:

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi. Yaushe ka zo?"

"Ɗazu."

In abin da ɗan yake nema shi ne uban ya yafe masa, daga bakin ƙofa zai tsaya, ba zai zauna ba sai an ce ya zauna, amsar tasa kuma za ta fito ƙasa-ƙasa yana satar kallon fuskar tsohon. In kuwa jira yake uban ya fara amsa laifinsa, zai jawo kujera ya zauna ba tare da an ce masa ba, ya kafa wa robar ƙarin ruwa ido, ya ba da amsa a guntule, ya bar shirun ya yi wa tsohon nauyi. Ko harafi ɗaya ba a canja ba, amma mutum biyu ne daban suka shigo ɗakin. Ka zaɓi ɗaya, ka kai wa darakta a wurin gwaji. In bai yi masa ba, kana da na biyu a aljihu.

Bayan buƙata sai ka nemo abin da ya tare mata hanya. Wataƙila girman kai ne, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce da ke tsaye tana duba takarda, wataƙila tsoron kada tsohon ya cika kafin a kai ga maganar. Hawaye, in za su zo, daga karon buƙata da abin da ya tare ta suke zuwa, ba a matso su. Ka rubuta buƙatar a gefen kowane sin cikin gajeriyar jimla ɗaya. In ta kai layi uku, ba ka gano ta ba tukuna.

Na uku: cike gurbin da marubuci ya bari

In mutumin yana da sana'a, je ka zauna da masu yin ta, gani ya kori ji. Hannunsu za ka kalla fiye da bakinsu: yadda tela ke yanke zare ba tare da ya duba ba, yadda likita ke wanke hannu yana magana da wani. Robert De Niro, ɗan wasan fim na Amurka, ya karɓi lasisin tasi ya yi ta ɗaukar fasinja a New York kafin fim ɗin da ya fito a direba a 1976. Amfanin irin wannan shi ne hannu ya saba har ya daina neman izinin ƙwaƙwalwa, hankalinka ya samu ya koma kan abokin wasa.

Sai batun inda za a samo abin da ke cikin zuciya, wanda manyan malamai suka raba gari a kansa. Lee Strasberg, wanda ya jagoranci cibiyar horar da 'yan wasa ta Actors Studio a New York daga 1951, ya koyar da ɗan wasa ya tono wani abu da ya taɓa faruwa da shi, ya tuno ƙamshin wurin da haskensa da sautinsa har abin ya taso masa sabo. Stella Adler ta tafi Paris a 1934 ta yi makonni biyar tana aiki da Stanislavski kansa, ta dawo tana cewa malamin ya riga ya karkata zuwa ga aiki da tunani da halin da ke cikin labarin. Ni dai na fi karkata wajen Adler. Mutuwar da aka yi maka da gaske za ta iya ba ka hawaye a ɗauka ta farko da ta biyu, amma kafin ta goma ko dai ta dushe ko kuma ta kai ka inda ba za ka iya faɗin layinka ba, ga shi za ka koma gida da miki a buɗe. Abin da ka ƙirƙira da tunaninka yana jure maimaici.

Na huɗu: ba shi jiki da murya

Roƙi mai kula da sutura ya ba ka takalmin rol ɗin da wuri, ka riƙa gwaji da shi. Takalmi yana canja tafiya, tafiya tana canja yadda mutum ke ɗaukar kafaɗa da kai. Michael Chekhov, ɗalibin Stanislavski, ya koyar da a nemo motsi ɗaya babba da ya tattara halin mutumin, kamar damƙa ko turewa ko durƙusawa, a yi ta yin sa a gwaji har ya zauna a jiki, sannan a ɓoye shi. Ɗabi'a ɗaya ko biyu sun isa, misali murza zobe in zai yi ƙarya. In ka tara ɗingishi da in'ina da ƙifta ido a mutum ɗaya, dariya za a yi.

Murya kuma ka zaɓi wadda maƙogwaronka zai iya ɗauka daga safe har dare, makonni a jere. Game da sauya ƙiba, De Niro ya ƙara kusan kilo 27 don fitowa a matsayin ɗan dambe Jake LaMotta a 1980, aka yi ta ba da labari. Kada ka kwaikwayi wannan ba tare da likita ba. Mafi yawan rol sutura da kwalliya sun ishe su.

Na biyar: yanzu ka yi hadda

Ka haddace kalmomin a miƙe, babu hawa babu sauka, don kada wata karin murya ta manne musu ta ƙi fita. Gwada kanka kana wani aiki da hannu, kamar ninke kaya. In layin ya tsaya da zarar hannu ya motsa, haddar ba ta nuna ba. Ka san maganganun abokin wasanka ma, domin a cikinsu dalilin amsarka yake. Sanford Meisner, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar koyon wasa ta Neighborhood Playhouse, yakan zaunar da ɗalibai biyu su yi ta maimaita jimla ɗaya a tsakaninsu, har kowa ya daina sauraron kansa ya koma lura da ɗan'uwansa. In abokiyar wasanka ta faɗi layinta yau da sanyin da ba ta yi a gwaji ba, wannan sanyin za ka amsa, ba abin da ka shirya a ɗaki jiya ba.

Na shida: rubuta taswirar tafiyarsa

Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda labari ya zo. Ana ɗauka ne bisa lokeshan da lokacin da 'yan wasa suke da shi, don haka kana iya yin sin ɗin rabuwa da safe, ka yi na haɗuwar farko da yamma, a ɗaki ɗaya. Wannan shi ke wargaza rol fiye da komai.

Maganinsa ƙaramin littafi. Kowane sin ka ba shi shafi, ka rubuta lambarsa, daga ina mutumin ya fito kafin ya shigo, me ya riga ya sani a wannan gaɓa, me bai sani ba tukuna, da buƙatarsa. Abin da bai sani ba tukuna shi aka fi mantawa. Ɗan wasa ya karanta ƙarshen labari, ya san amininsa ne zai ci amanarsa, sai ya fara yi masa kallon zargi tun a sin na 4, alhali ba a gano komai ba sai a na 60. Mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada wani abu ya sauya daga ɗauka zuwa ɗauka, zai tuna maka da wane hannu ka riƙe kofi da maɓalli nawa ka ɓalle, amma abin da ke cikin ran mutumin babu mai riƙe maka shi.

Na bakwai: tsakanin "kot" da "akshan"

A wurin ɗauka jira ya fi aiki yawa. Ana gyara fitila, ana sauya wa kyamara wuri, ana jiran jirgi ya wuce saboda mai ɗaukar sauti. Daniel Day-Lewis, wanda ya ci kyautar Oscar ta babban jarumi sau uku, ya shahara da ƙin fita daga rol a irin wannan lokaci. Da ya fito a matsayin Christy Brown, marubucin Ailan mai larurar shanyewar gaɓoɓi, a 1989, a keken guragu ya zauna har lokacin hutu, ma'aikata suna ɗaga shi suna ba shi abinci a baki. Ya yi masa aiki, babu musu. Sai dai hanya ce mai ɗora wa wasu nauyi, kuma akwai manyan 'yan wasa da yawa da ke hira da dariya har a kira su, su shiga su yi abin mamaki. In rol ɗinka na azzalumi ne, wannan ba lasisin yi wa mai kwalliya tsawa ba ne.

Abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne ka yi wa kanka ƙofar shiga. In an ce saura minti biyar, ajiye waya, koma gefe, buɗe shafin sin ɗin, karanta inda mutumin ya fito da abin da yake nema, ka ɗan taka da tafiyarsa, ka faɗi layi ɗaya da muryarsa. Kullum haka, ba canji, har jiki ya gane alamar. In rol ɗin yana da wani karin harshe, wannan kam ka riƙe shi duk yini, domin shi ne ya fi saurin zamewa.

In ka ji ka fita ana tsakiyar ɗauka, kada ka tsayar da kanka. Darakta ne mai cewa "kot". Mayar da ido kan abokin wasanka, ka nemi abu ɗaya na zahiri a jikinsa, numfashinsa ko inda ya ajiye hannu, ka ci gaba da neman abin da ka zo nema. Sau da yawa wannan ɗan tuntuɓen ne edita zai zaɓa, don ya fi kama da rayuwa. Kuma ka ba da cikakken wasa ko da kyamara tana kan fuskar ɗayan kai kana bayanta, gobe kai ma za ka buƙaci haka daga gare shi.

Na takwas: fita

Yadda ka yi ƙofar shiga, yi ta fita. Cire takalmin da kayan rol ɗin a wurin aiki, wanke fuska, miƙe jiki, ka kira wani da ya san ka da sunanka na gaskiya ku yi hirar da ba ta shafi fim ba. Bayan sin mai nauyi, irin na duka ko na mutuwa, ku gaisa da abokin wasan ku yi magana kafin kowa ya kama gabansa. In ka ga barci ya ƙaurace maka ko halin rol ɗin ya bi ka gida kwana da kwanaki, ka faɗa wa wani, in ta kama a ga likita.

Littafin nan kuma kada ka yar da shi ranar da aka gama. Ka haɗa da ɗan sautin muryar rol ɗin da ka ɗauka a waya, ka adana. Bayan watanni ana iya kiran ka situdiyo ka sake ɗora murya a inda sauti ya lalace, ko a sake ɗaukar wani sin da bai yi ba, a lokacin kuwa wataƙila kana tsakiyar wani fim ɗin da wata tafiya da wata murya daban.