Yadda ake haɗa kiɗan rawa na kwamfuta mai sukar haukan saye-saye

Masu koyon haɗa kiɗa da suke gwada irin wannan aiki kuskurensu kusan ɗaya ne. Sukan rubuta dogon jawabi a kan kamfanoni da talla da cin bashi, sannan su ɗora shi a kan kiɗan da suka haɗa a gurguje, sai masu rawa su tsaya cak, masu neman saƙon kuma su ƙosa kafin a yi minti biyu. Sukar dole ne ta kasance a cikin sautin kansa, kuma tsarin da ke ƙasa a kan haka aka gina shi.

Ka fara da ganga, ka ajiye saƙon tukuna. Ka saita saurin kiɗan tsakanin bugu 122 da 128 a minti ɗaya, wato inda salon hawus da ya taso a Shikago a farkon shekarun 1980 ya fi zama, ka sa babbar ganga ta faɗi a kan kowane bugu ba fashi. Sautukan na'urar ganga ta Roland TR-909 sun wadatar, kuma akwai kwatankwacinsu a manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio da Ableton Live. Idan babu kuɗin waɗannan, LMMS kyauta ce. Kada ka sayi sabon kayan aiki saboda wannan waƙa, domin abin dariya ne mutum ya kwashe aljihunsa don ya zagi saye-saye.

Daga nan sai ka tara sautukan ciniki da wayarka: ƙarar na'urar da ke karanta lambar kaya, ƙugin injin da ke fitar da rasit, motsin leda, karon tsabar kuɗi, da ƙarar sanarwar da waya ke yi idan an cire kuɗi. Kada ka yanko waƙar tallan wani kamfani, saboda tana da haƙƙin mallaka, kuma tsarin Content ID na YouTube yana iya kama ta. Waɗannan sautuka kayan kiɗa ne, ba ado ba. Ka yanke motsin leda gajere ƙwarai ya cike tsakanin bugun ganga, ka ɗora ƙarar na'urar karanta kaya a kan madannai ka fitar da ɗan karin sauti uku ko huɗu da ita, sannan ka share duk abin da ke ƙasa da haz 150, wato sashen sautin mai kauri, daga cikinsu don kada su shiga hurumin ganga da bes, wato amon nan mai kauri da ke bin ganga.

Murya ita ce inda aikin ya fi lalacewa. Ƙa'idata ita ce muryar mai talla za a ji, ba muryar mai wa'azi ba. Idan ka ce wa mutane suna ɓarnar dukiya, za su ji ka raina su, amma idan ka ari bakin mai sayarwa ka yi ta nanata alkawarinsa har ya gundure su, su da kansu za su gane abin da ake nufi. Jimla ɗaya ta isa, kuma kada ta wuce kalma shida. Wani abu kamar "Saya yanzu, biya daga baya" ya fi baiti goma amfani. A ɗauke ta kusa da makirufo, da murya mai taushi, mai faɗar yana murmushi, domin murmushi yana fita a sauti. Wanda ya ɗauke ta da fushi ko gatse ya riga ya tona asirin waƙar tun daga farko.

Sauran aikin na maimaitawa ne. Kowace gaɓa bugu huɗu ce, kuma a saurin 124 gaɓa 16 tana cin kusan daƙiƙa 31. Da farko ka bar jimlar ta fito sau ɗaya a gaɓa takwas, tsaf ba tare da an taɓa ta ba. Sannan ka matso da ita zuwa kowace gaɓa huɗu, sai biyu, sai ɗaya, kana guntule ta a hankali har abin da ya rage shi ne "saya, saya, saya" yana tafiya tare da ganga. A wannan lokaci ne za ka fito da kalmar "biya" ita kaɗai, ka saukar da muryar ta yi kauri, ka ajiye ta a wurin da sauran kiɗan ya yi shiru. Masu koyo sukan kawo wannan juyi tun a minti na farko saboda ɗoki. Ka riƙe shi sai an ci fiye da rabin waƙar, kuma ka tabbata gaɓoɓin kalmomin sun zauna daidai kan bugu, ko da sai ka ja kowanne da hannu.

Wajen tsara waƙar, ka bar gaɓa 16 ko 32 na ganga zalla a farko da ƙarshe saboda dije, wato mai sa kiɗa a filin rawa, ya samu inda zai haɗa ta da wata waƙar. Akwai dabarar tara zumuɗi kamar kiɗan zai ɓarke, sai a saki ƙarar rasit kawai, wadda take kwaikwayon abin da mutum ke ji bayan ya buɗe kwalin sabon kaya. Sau ɗaya ake yin ta, kuma a mayar da ganga cikin gaɓa biyu, in ba haka ba filin rawa zai watse.

Tace sauti ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sa bes ya riƙa rusunawa duk lokacin da babbar ganga ta faɗi, ka ajiye shi a tsakiya, tsakanin lasifikar hagu da ta dama, kuma kada ka matse waƙar don ƙara ƙarfi, tunda dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa kusan -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Ka saurare ta a lasifikar waya, idan kalmar "biya" ba ta fita sarai ba ka ɗaga ta. A hoton bango kuma kada ka sa tambarin kowane kamfani.